Waiwaye: Bargo Ba Shi da Wuta

'Yata ta fari cikin hunturu ta zo duniya, a watan Janairu, a shekarun da 'yan acaɓa suka cika titunan Bauchi, ni ma kuma babur ne abin hawana. Da yake haihuwar fari ce, mai ɗakina tana gidansu a Jahun, ta tafi wankan gida. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san matsayin miji a ciki: shi ne mai kawo itace da kayan yaji da naman ƙauri, ya tsaya a zaure ya yi sallama, a turo yaro ya karɓa. Ga kunyar surukai, ga kunyar 'yar fari. Ko ɗaukarta ban yi a gaban mutane ba sai da ta kusa wata biyu.

Mai mulkin ɗakin jego ita ce Goggo, yayar surukina, tsohuwar da ta wanke masu jego fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. Abokin gabar Goggo a duniya ɗaya ne: sanyi. A fahimtarta sanyi ɓarawo ne, ya shiga jikin mai jego ya laɓe, sai bayan shekara ashirin ya fito da ciwon baya ko ciwon gwiwa. Saboda shi ake tafasa ruwa safe da yamma a yi wanka da ganye, saboda shi ake dama kunun kanwa, saboda shi aka toshe tagar ɗakin da tsumma aka ajiye kaskon wuta a gindin gado. Saboda shi kuma doka ta hau kan uwa da 'ya: babu mai taka bakin zaure sai an yi arba'in.

Wannan tsoro na sanyi ba a Bauchi kaɗai yake ba, kuma wani lokaci maganinsa kan zarce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, musamman Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin ruwan wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Masu binciken da suka biyo baya sun gano wasu dalilan daban, amma har yau likitoci na jan kunne a kan kanwar. Ni a lokacin na ɗan ji ƙishin-ƙishin irin wannan magana, kuma abin da ɗan boko ya ji rabinsa ya fi abin da bai ji ba haɗari. Sai na riƙa kallon duk abin da Goggo ta ce a matsayin camfi.

Rigimar ta taso ne a kan allurar rigakafi. Da daddare aka haifi yarinyar, da safe aka sallame su, aka ce a dawo da ita ranar da ake yin BCG, ta tarin fuka. Ba kullum ake yinta ba, kuma akwai dalili: kwalba ɗaya ta jarirai da yawa ce, idan an haɗa ta da ruwanta ba ta wuce awa 6 sai a zubar da saura, shi ya sa yawancin ƙananan asibitoci ke ware mata rana a tara jarirai. Goggo ta ce ba inda za a kai jinjirar da cibiyarta ba ta faɗi ba. Na bi ta kan surukina, na bi ta kan wani yayan mai ɗakin nawa, har aka daidaita a kan bayan suna. Ranar ta faɗo kwana tara da haihuwa. Na koma gida ina jin na yi nasara a kan duhun kai.

Wanda bai san hunturun Bauchi ba zai ce me ake tsoro a ƙasar da ko ƙanƙara ba ta kwana a ƙasa. Gaskiya ba mu kai Jos ba. Su suna sama da mu kusan ninki biyu, mu muna wajen mita 600 daga doron teku. Amma a Disamba da Janairu awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 kafin fitowar rana, ga iska busasshiya daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, wanki ya bushe kafin ka gama shanya na ƙarshe. A wannan safiyar hazo ya shafe dutsen Warinje ƙaf, masu shayi sun hura wuta, almajirai sun kewaye ta kowa ya cusa hannu a hammata.

Ni ina da ajin da zan koyar ƙarfe tara, don haka na tsara mu yi sammako mu karɓi lamba ta farko. Goggo kuwa, tun da an fi ƙarfinta, ta ce aƙalla ba za a kai mata jika cikin mutane ba wanka ba. Ana idar da sallar asuba aka yi wa yarinya wanka a tsakar ɗaki, da ruwa mai ɗumi ƙwarai, amma aka ɗauki lokaci ana cuɗa ana miƙar da gaɓoɓi ana shafa mai. Kanta tas, shekaranjiya wanzami ya yi askin suna. Aka sa mata nafkin na yadi, riga, suwaita, hular ulu da ta yi mata yawa, sannan shawul, sannan tawul, sannan ni da kaina na miƙa bargon da na sayo a kasuwar Wunti don wannan fita. Da aka fito da ita zaure sai ka ce ƙunshin kayan wanki. Na dubi ƙunshin nan na ce a raina, ko a Turai iyakar abin da za su yi ke nan.

Mai ɗakina ta hau bayan babur ta rungume ƙunshin a kan hijabinta. Tafiyar ba ta fi kwata ɗaya ba, amma ni da ke sanye da rigar sanyi biyu sai da yatsuna suka ƙage a kan kan babur. Muka sami mata goma sun riga mu. Aka zauna a kan dakalin siminti a baranda, inda iska ke ratsawa, ma'aikata ba su fara aiki ba. Jariran mutane suna ta tsala kuka. Tawa shiru. Na tsaya can gefe da sauran maza biyu, har ina jin daɗi a raina cewa Allah ya ba ni 'ya mai haƙuri.

Wata dattijuwar nas ce ta zo wucewa tana duba katuna. Ta tsaya a kan mai ɗakina, ta ɗaga bakin bargo, ta tura hannu can ciki. Na ga fuskarta ta sauya.

"Amarya, yaushe rabonta da nono?"

"Tun kafin asuba, Sista. Na ba ta yanzu ta ƙi kamawa, barci take yi."

"Wannan ba barci ba ne. Taso."

Suka shiga wani ɗaki, na bi su har bakin ƙofa. Ta rufe taga, ta warware ƙunshin nan ɗaya bayan ɗaya. Hular ta zame tun a hanya, tana can ƙarƙashin ƙeya. Nafkin ya jiƙe sharkaf, ya jiƙa riga har baya. Tafin ƙafar yarinya kamar an tsamo daga randa, cikinta ma ba ɗumi. Ta sa mata ma'aunin zafi a hammata, ya nuna 35 da 'yan ɗigo. Ba ta yi faɗa ba. Ta goge ta da busasshen tawul, ta sa mata wani nafkin da safa, ta naɗe bakin hular ta zauna daram, sannan ta ce wa mai ɗakina ta kwance gaban rigarta. Ta kifa yarinyar ba riga a tsakanin nonon uwarta, fata na taɓa fata, kai a juye gefe guda, ta ɗaure su tare da zanen goyo, ta mayar da riga da hijabi, ta yafa musu bargon nawa ta baya. Sai ta juyo gare ni.

"Malam, kai ne maigidan? Je ka sayo mata shayi mai zafi, ka dawo ina da magana da kai."

Da na dawo ta ja ni gefe. Ta ce, "Malam, ka taɓa ganin masu sayar da ƙanƙara a Muda Lawal lokacin azumi?" Na ce na gani. Ta ce, "Da me suke rufe ta?" Na ce da buhu, wasu da tsohon bargo. Ta ce, "Don ta yi ɗumi?"

Na yi shiru.

Ta ce, "Bargo ba shi da wuta. Abin da ka ba shi, shi yake tsare maka. Ka ba shi yarinya mai ɗumi, ya tsare ɗumi. Kai ka ba shi yarinyar da aka yi wa wanka da asuba, ba gashi a kanta, ta jiƙe da fitsari, ka ɗora ta a babur. Sanyi ka ba shi ajiya."

Ni malamin makaranta ne, na sha koya wa yara yadda zafi ke tafiya daga wani abu zuwa wani. Ban taɓa kawo wannan darasi kan 'yata ba.

Bayan kamar awa ɗaya aka ji kukanta, siriri da farko, sannan da ƙarfi. Ta kama nono. Likita ya duba ta sosai kafin a sake mu, domin sanyin jiki a jariri wani lokaci ba iska ce ta kawo shi ba, alamar ƙwayar cuta ce a jini, kamar yadda zazzaɓi yake a babba. Allah ya sa tata iska ce kawai. Allurar da na yi sammako dominta sai kusan azahar aka yi ta. Ajina na ƙarfe tara kuwa ko tunawa da shi ban yi ba.

Daga baya na bi diddigin maganar dattijuwar nan a littattafai, na tarar ba ta rage komai ba. Babba idan sanyi ya kama shi yana karkarwa, karkarwar nan ita ke samar masa da zafi. Sabon jariri bai iya wannan ba. Abin da yake da shi wani kitse ne mai duhu da aka ajiye masa a wuya da tsakanin kafaɗu da kewayen ƙoda, shi yake ƙonawa ya ɗumama kansa, kuma ƙonawar na cin sukarin jininsa da iskar da yake shaƙa. Idan sanyin ya daɗe, sukari ya yi ƙasa, jiki ya saki, ya kasa tsotso. Rashin tsotson ya ƙara masa sanyi. Shi ya sa jaririn da sanyi ya ci ƙarfinsa ba ya kuka. Wanda ke tsala ihu a layin rigakafi da sauran ƙarfinsa. Wanda ya yi lakwas shi ne abin dubawa. Bakwaini da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5 kitsen nan nasu kaɗan ne, nan da nan yake ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zafin jikin jariri lafiyayye tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Ƙasa da 36.5 sanyi ya fara taɓa shi, ƙasa da 36 ya shige shi, ƙasa da 32 kuwa rai ne a hannun Allah. Ta ce ɗakin da za a karɓi haihuwa kada ya gaza digiri 25, kuma a jinkirta wankan farko har awa 24. Ka auna wannan da ɗakunanmu na kwano da asubar Janairu, ka kuma auna da al'adarmu ta cewa ana yanke cibiya sai wanka.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne maganar jiƙa, domin kowane Bahaushe ya san ta. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Saboda randa na tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, bushewar na tafiya da zafi. A hunturu randa ta fi kowane lokaci sanyi, don iskar ba ta da laima ko kaɗan. Jariri mai jiƙaƙƙen nafkin a kan babur randa ce ƙarama. Haka wanda aka fito da shi daga wanka aka tsaya hira kafin a goge shi. Haka kuma, wannan shi mutane ba sa kawowa a rai, wanda aka lafta wa kaya har ya yi gumi. Hunturu mai fuska biyu ne: asuba jaura, azahar rana ta take har digiri 30 ko fiye. Uwa ta naɗe ɗa da ƙarfe shida, tana layi har sha biyu bai sha iska ba, ya jiƙe da zufa a ciki, sai a kira lambarta a tuɓe shi tsirara a ɗora a kan farantin sikeli mai sanyi. An gudu daga sanyi an dawo masa ta bayan gida.

Sai kai. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, babbar ƙofa ce ta fitar zafi. Mu kuwa ranar bakwai muke jiƙa shi da ruwa da sabulu mu aske, galibi da sanyin safiya, a tsakar gida, don wanzami na sauri yana da wani sunan a gaba. Askin sunna ne, ba mai jayayya. Amma ranar bakwai ba ta ƙarewa da fitowar rana. Hantsi ma ranar bakwai ce, cikin ɗaki ma aski ne.

Dabarar da dattijuwar ta yi wa 'yata tana da tarihi, kuma daga ƙasar talakawa ta fito. A 1978, a wani babban asibitin haihuwa na Bogota, babban birnin Kolombiya, garin da ke kan tsauni mai sanyi, bakwaini sun yi yawa, kwalaben ɗumama jarirai sun yi kaɗan, har ana haɗa biyu ko uku a ɗaya suna ɗaukar cuta daga juna. Wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya fara ɗaure su a ƙirjin iyayensu mata dare da rana, suna shan nono a nan. Aka sa wa abin sunan kangaru, dabbar Ostireliya mai renon ɗanta a aljihun cikinta. A 2021 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya wakilce mu. An ga cewa jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, idan aka fara ɗora su a ƙirjin uwa tun daga haihuwa maimakon a jira su murmure a kwalba, mutuwarsu na raguwa da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hakan shawararta. Ƙirjin uwa yana da abin da bargo ba shi da shi, wato wutar kansa, kuma ba a ɗauke ta. Na uba ma yana yi, in zai iya haɗiye kunya.

Mu da muka gaji goyo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Bambancin kawai goyonmu a baya yake, kan riga, kuma sai wuya ya yi ƙwari. Wannan a gaba yake, cikin riga, tun ranar farko. Wanda zai gwada ya kula da abu guda: fuska a buɗe, hanci a sarari, uwa na iya leƙawa ta gan shi. Hijabi ya tare iska da ƙura, kada ya danne numfashi.

Akwai lokacin da na karanta yadda mutanen Finlan ke yi, ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Can iyaye kan fitar da jaririn 'yan makonni a keken turawa ya yi barcin rana a waje, awon zafi na ƙasa da sifiri, kuma haka ake yi a Suwidin da Nowe da Denmak. Da na fara gani na ce waɗannan ba su da Goggo. Da na duba da kyau sai na ga duk ƙa'idar dattijuwar nas ce suke bi. Yaron a ƙoshe yake fita, a bushe, da ɗuminsa. Ulu ne a jikin fatarsa, sannan wata rigar, sannan jakar barci mai kauri, ƙarƙashinsa shimfiɗa mai tare sanyi, keken da rumfa an juya wa iska baya, ana kuma leƙa shi a kai a kai. Ba sa yi da bakwaini ko marar lafiya. Gwamnatinsu ma tun 1938 take ba masu ciki akwatin kayan jariri, daga 1949 ya zama na kowa, a cikinsa har da rigar shiga dusar ƙanƙara da hula da safar hannu, da sharaɗin mace ta je awo tun cikin bai wuce wata huɗu ba. Ɗalibanmu da ke haihuwa a Ingila da Kanada da Rasha sukan bugo waya a ruɗe ranar da za su fara fita da jariri cikin dusa. Sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, amma tasu iskar ba ta ɗauke da ƙurar Bodele, kuma ba a kan babur suke fita ba.

A nan ne dole in yi wa Goggo adalci. Dokar arba'in ba shirme ba ce. Jaririn da bai yi wata biyu ba, murar da babba zai sha shayi ya warke ita ce za ta zame masa ciwon haƙarƙari. Rage masa yawo da shiga taro a lokacin da rabin gari ke tari, kuma sanƙarau ke shirin kunno kai, hikima ce. Abin dariyar shi ne mun hana jariri zuwa taro, sannan mun kawo masa taron har gado: 'yan barka arba'in a yini, kowace ta karɓe shi, ta sumbace shi, wata tana jan majina. Haka kaskon nan na gindin gado. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barcin da ba ya tashi, kuma duk hunturu sai an ji labarin gidan da ta shiga ko gobarar da kasko ya tayar. A ɗumama ɗaki da shi, a fitar da shi kafin a kwanta, a bar wa iska 'yar kafa. Sannan man zafi da ake shafa wa jariri a ƙirji da hanci wai maganin mura, da ƙwayoyin kafur da ake jefawa a akwatin kayan sanyinsa. Yaranmu da dama, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD. Irin waɗannan kafur na farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Man kaɗe ko basilin marar ƙamshi ya isa maganin kaushi. Leɓensa in ya bushe, nono ne maganinsa, ba ruwa ba.

Sauran fitar da muka yi da ita a wannan hunturun, ta allurar sati shida da ta sati goma, ba mu sake sammako ba. Mukan bari rana ta ɗaga, a bar wanka sai an dawo, ta sha nono ta ƙoshi, a sauya mata nafkin a bakin fita a kuma riƙe wasu biyu a jaka. Kaya kuwa dattijuwar ta ba mu ma'auni mai sauƙi: abin da uwa ta sa ta ji daidai, a ƙara wa jariri ɗaya a kai, da hula da safa, sirara biyu sun fi mai kauri ɗaya, don in rana ta yi sai a zare guda. Na daina ɗaukarsu a babur, na riƙa ɗauko tasi ko da aljihu zai yi kuka. Na kuma koyi tura hannu cikin kaya in taɓa ciki da tafin ƙafa. Duka da ɗumi, lafiya. Ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, a ƙara rufi a sa a ƙirji. Duka da sanyi, ko ya ƙi nono, ko numfashi ya kai 60 a minti, ko ƙirji na faɗawa ciki, wannan ba a jiran hantsi, ko tsakar dare ne asibiti za a nufa, yana manne a jikin uwarsa.

Ranar da abin ya faru, da muka koma Jahun, Goggo na tsaye a tsakar gida tana jiranmu tun hantsi. Ta ga mai ɗakina ta shigo hannu biyu a sake, ni kuma ina biye da bargo a kafaɗa. Ta dafe ƙirji.

"Ke, ina yarinyar?"

Mai ɗakina ta ɗaga hijabi. Goggo ta leƙa, ta ga ɗan kai cikin hula yana ta tsotso. Aka ba ta labari, ni ina daga bakin zaure kaina a ƙasa ina jiran rabona. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, da muryar da za ta iso inda nake, "Ai na faɗa, ba a fita da ɗanyen jinjiri. Amma masu ilimi sun fi mu sani." Ba wanda ya tuna mata wankan asuba, ni ma ban isa ba. Ta sake leƙa yarinyar, ta gyara ƙullin zanen, ta ce wannan ai ba sabon abu ba ne, haka tsofaffinsu ke yi wa bakwaini, Turawa ne suka gani suka kwaikwaya.

Bayan shekara uku aka haifa mana namiji, shi ma cikin sanyi, ƙarshen Disamba. Wannan karon a gidana aka yi jego, aka ɗauko Goggo ta zo ta zauna. Ranar suna, an watse daga raɗin suna ke nan, gari bai gama wayewa ba, wanzami ya iso da zabirarsa yana sauri, ya ce a fito da yaro yana da wani askin a Ƙofar Dumi. Ina tsaye ina lissafin yadda zan roƙe shi ya dakata ba tare da na ɓata wa tsohuwa rai ba, sai muryarta ta fito daga cikin ɗaki.

"Wane ne, wanzami? A ba shi koko da ƙosai. In yana sauri ya je Ƙofar Dumin ya dawo. Ba mai jiƙa min kan miji sai rana ta shigo tsakar gidan nan."